Motar Auta, Ƙafar Babba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana tuƙa manajojin wani kamfanin fenti, kuma a duk tsawon lokacin nan da abu ɗaya yake taƙama, wato ƙafarsa ta dama. Yakan ce kowa ma ya iya riƙe sitiyari, a kan totur ake gane direba. Idan ya hango danja ta nuna ja tun daga nesa, sai ya ɗaga ƙafa ya bar mota ta gangara da kanta, kafin ya isa an ba da hannu, ya wuce bai taɓa birki ba. Sauran direbobin kamfanin kan sha mai sau biyu kafin ya sha sau ɗaya. Da ya ajiye aiki aka bar masa motar da ya fi daɗewa a cikinta, wata tsohuwa ruwan toka mai giyar hannu, wadda a hannunsa ba ta taɓa wuce lita bakwai da rabi a kilomita ɗari ba. Wannan lamba ya riƙe ta a ka fiye da shekarun 'ya'yansa.

Su shida mahaifiyarsu ta haifa. Shi ne na fari, don haka Babba take ce masa. Na ƙarshen kuwa, wanda ya ba shekara goma sha tara, har furfura ta fara leƙo masa bai daina zama Auta a bakin kowa ba. Babba ne ya riƙa kai shi makaranta a bayan keke, shi ne kuma ya koya masa tuƙi a wani fili, yana zaune a gefe yana dafe kai. Auta ya yi karatu mai zurfi, ya samu kujera a wani ofishi mai hawa da yawa. Babba bai taɓa jin haushin haka ba, ko kuma dai abin da yake gaya wa kansa ke nan. Inna ta yi ta yabon Auta daga safe har yamma in ta ga dama. Shi yana da abin da Auta ba shi da shi, ranar Talata.

Kowace Talata shi yake kai Inna asibiti a gasa mata gwiwoyi, kilomita goma sha tara zuwa, goma sha tara dawowa, shekara huɗu ba fashi. Ƙarfe bakwai da rabi yana ƙofar gidanta, ya ja kujerar gaba baya, ya gyara ɗan matashin da take jingina da shi, ya karɓi sandarta ya kwantar a kujerar baya. A hanya take sakin baki. Ta gaya masa mafarkin da ta yi, da jikar da ta daina gaishe ta da kyau, da labaran mahaifinsu waɗanda ba ta taɓa ba wani ba. A gida uwar mutum shida ce mai jikoki fiye da ashirin. A cikin motar nan uwarsa ce shi kaɗai.

Ranar Lahadi dangi kan taru a gidan Inna. Wata Lahadi ana zaune a tsakar gida sai ga Auta ya shigo yana kaɗa makulli, alhali ba wanda ya ji tsayuwar mota. Aka fita aka tarar da ita a ƙofar gida, baƙa, doguwa, tana sheƙi, a kunne take amma shiru kamar an kashe. Auta ya ce irin mai ciki biyu ce, tana da injin fetur tana kuma da batir da ake yi wa caji. Ya zaro wata takarda mai santsi ya ɗora yatsa a kan lambobi biyu da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Kilomita hamsin da takwas take yi da lantarki zalla. Fetur kuwa, lita ɗaya da ɗigo huɗu a kilomita ɗari.

"Yaya, taka nawa take sha?" ya tambaya, kuma ya san amsar.

Babba ya ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ya zagaya motar sau ɗaya, hannuwansa a baya don kada ya taɓa ta.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai Auta ya matsa wa Inna lallai ta shiga a zaga da ita unguwa. Ta dawo baki har kunne, tana cewa ba warin mai, ba jijjiga, gwiwarta ko motsi ba ta yi ba. Auta ya ce ai asibitin ma kusan a kan hanyar ofishinsa yake, me zai hana ya riƙa kai ta, Yaya ya huta, ya yi ƙoƙari. Inna ta ce to. Ko kallon inda Babba yake ba ta yi ba, ba don wulaƙanci ba, ita dai a ganinta an sauke masa nauyi ne.

Talata bakwai ya yi yana tashi da wuri bisa sabo. Ya wanke motarsa, ya duba mai da ruwa, sannan ya zauna a kan benci ya rasa inda zai sa kansa. Duk wanda ya zo gidan sai ya sha bayani a kan cewa ba a taɓa ƙera motar da za ta ɗauki nauyi irin wancan da lita ɗaya da 'yan kai ba, ko babur ya fi haka sha. Matarsa ta gaji da ji. Ta ce masa shekara talatin da suka yi tare ba ta taɓa ganin ya damu da takarda ba, har takardar aurensu bai san inda take ba.

"Ba motar ce ke cin ranka ba, Malam," ta ce tana ninke kaya. "Kujerar gaba ce."

Ya ce ita ba ta san mota ba. Ta ce gaskiya ne, amma ta san shi.

Rannan ya saka kayansa na fita, ya tafi inda ake sayar da irin motar, ya shiga yana taku kamar mai niyyar saye. Wata mata mai gilashi ta tarbe shi. Bai ɓata lokaci ba, ya nuna mata lambar nan ya ce ta dubi furfurarsa ta gaya masa gaskiya, ƙarya ce ko ba ƙarya ba. Ta yi murmushi ta ja masa kujera. Ta ce ba ƙarya ba ce, amma kuma ba alkawari ba ce.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ba a kan titi ake gwada motar ba, a cikin wani ɗaki ne, a ɗora tayoyinta a kan wasu ƙarafa masu juyawa, ba rana, ba cunkoso, ba a kunna na'urar sanyi, ba kaya a but. Ana yi wa kowace mota haka ne don a iya kwatanta wannan da waccan. Kuma gwajin kashi biyu ne. Na farko da batir cike, a yi ta tafiya har ya ƙare, daga nan ake samo kilomita hamsin da takwas ɗin. Na biyu da batir a ƙare, inji na yin aikin. Sai a haɗa biyun a fitar da lamba ɗaya, bisa zaton mai motar yana yi mata caji kullum kuma yawancin tafiyarsa gajera ce. Wutar da ta sha ma ba ta cikin litar nan, layinta daban. Ta juya takardar, ta sa bakin biro a kan wani ɗan ƙaramin rubutu da sai da ya matso da ido. Lita shida da ɗigo shida.

"Wannan ita ce lambar wanda ba ya caji, Baba. Kuma a ɗakin gwaji ke nan. A titi, in mai ƙafa da nauyi ne, ta wuce haka, don batirin kansa kaya ne, kamar ka ɗauki ƙarti uku suna zaune ba sa komai."

Ya tambaye ta ko gaskiya ne motar na yi wa kanta caji. Ta ce tana ɗan tsinta idan ana rage gudu, amma cikin cokali ne a wurin da ake neman bokiti. Ya yi mata godiya sosai, ya ce zai yi shawara da iyali. Ya fito yana jin ƙafarsa ba nauyi, kamar wanda aka yi wa albishir.

Lahadin da ta biyo baya ya yi dabara ya ce Auta ya buɗe masa but ya ga faɗinsa. A can ƙasa, gefen kayan gyaran taya, ga wayar caji a naɗe cikin ledarta, ko ɗaurin kamfani ba a kwance ba. Wata biyu ke nan da sayen motar. Auta a hawa na huɗu yake zaune, a bakin titi yake ajiye mota, ba shi da inda zai jona ta, kuma shi a fahimtarsa ai tana cajin kanta. Babba ya leƙa allon gaban direba, ya ga abin da motar da kanta ta rubuta tun ranar da aka saye ta. Lita takwas da ɗigo uku. Ta fi tsohuwarsa sha. Daɗi ya kama shi har sai da ya yi tari don ya ɓoye. Ya adana maganar, domin so yake ya faɗa a gaban Inna, da hujjar da ba mai musu.

Dama ta zo da kanta. Ofis ya tura Auta wani gari na mako guda, ba ya son barin motar a titi, sai ya kawo ta gidan Babba mai fili da ƙofa, ya miƙa makulli ya ce Yaya ya ɗan ɗana, ya kuma taimaka da Talatar Inna. Taimaka, in ji shi. Babba ya haɗiye wannan ma.

Shirinsa mai sauƙi ne. Zai mayar da ma'aunin tafiya sifili, ya tuƙa ta mako guda yadda Auta ke yi, ba caji, ƙafa a ƙasa, ranar Lahadi ya kira kowa ya zo ya karanta da idonsa. Ranar farko ya fita da wannan niyya. Ya hango danja ta nuna ja, ya ce wa kansa taka, ka je ka ci birki a gabanta. Ƙafar ta ƙi. Kafin ya gama shawara ta riga ta ɗaga da kanta, motar ta gangara sumul, wata 'yar alama a allo ta nuna wuta na komawa batir. Ya gwada a danja ta biyu, haka. Shekara talatin da ɗaya ba sa fita daga ƙafar mutum don yana fushi.

Da ya dawo gida kuma sai wayar nan ta hana shi sakat. Shi mutum ne da bai iya ganin kayan aiki a cikin leda ba. Ya zauna a benci, ya tashi, ya buɗe but, ya rufe. Daga baya ya samo wa kansa hujja. Idan bai yi caji ba, Auta zai ce an yi wa motar mugunta. Gara ya ba ta duk haƙƙinta, in ta gaza ta gaza da hujja. Ai ko da caji ba za ta kai abin da aka rubuta ba, matar can ma ta ce lambar ɗaki ce. Ya yanke ɗaurin da reza, ya karanta ɗan littafin sau biyu, ya jona ta a soket ɗin da ke jikin bangon gareji. Matarsa ta leƙo ta ga wata 'yar fitila kore tana ƙiftawa. Ta ce ashe baƙuwar har abinci ake ba ta. Ya ce gwaji yake yi. Ta ce to a gaya wa gwajin mitar wuta ta fara gudu.

Ranar Talata ƙarfe bakwai da rabi yana ƙofar gidan Inna. Ya ja kujera baya, ya kawo matashin nan daga tsohuwar motarsa, ya karɓi sanda. Allo ya nuna batir zai kai kilomita hamsin da ɗaya. Da ya kunna mata na'urar sanyi sai ya koma arba'in da huɗu, ya gyaɗa kai, ya ce a ransa ga ƙaryar farko. Amma talatin da takwas kawai yake bukata. Suka kama hanya, injin bai farka ba. Babu abin da ake ji sai tayoyi da muryar Inna.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne daɗin da ya ji. Motar tana jin ƙafarsa fiye da duk wadda ya taɓa tuƙawa. Abin da ya yi shekaru yana yi ba wanda ya lura, ita tana lura, har tana rubutawa. Ya ji kamar yana cin amanar tsohuwar da ya bari a gida.

Inna kuwa ta saki baki kamar da. Ta ce ta yi kewar tuƙinsa, Auta yana tuƙi kamar wanda aka biyo, ga waya ba ta barin kunnensa, ba a samun yin magana. Zuciyar Babba ta yi fari. Bai gama jin daɗin ba ta ɗora da cewa amma yaron nan akwai zuciya, dubi irin motar da ya saya don gwiwar uwarsa, tun yana ƙarami haka yake da tausayi. Daga nan har ƙofar asibiti labarin Auta ne.

Sauran kwanakin ya yi ta neman inda motar za ta ba shi kunya ta ƙi. Kasuwa, gidan 'yarsa, wurin tsofaffin abokan aiki, duk a cikin batir. Ranar Juma'a ya ƙirƙiri ziyarar wani aboki a bayan gari, kilomita casa'in zuwa da dawowa, a babban titi. Nan batirin ya ƙare tun bai kai arba'in da biyar ba, injin ya tashi, ya ji sanyi a ransa. Sai dai kwanakin caji sun riga sun yi masa illa. Ranar Lahadi da safe ya duba ma'aunin mako. Lita ɗaya da ɗigo ɗaya. Ya zauna a cikin motar ya daɗe yana kallon lambar. Ya fita neman ƙaryata takarda, ya dawo ya fi takardar.

Auta ya dawo daga tafiya ya wuce gidan Inna kai tsaye, inda Babba ya kai motar. Yana shiga motar ya ga allon, ya fito yana kiran mutane. Yayyensa mata, matarsa, surukai, duk suka zo suka leƙa. Har Inna aka riƙo ta zuwa bakin ƙofa.

"Kun gani ko? Yaya da kansa ya gwada. Ɗaya da ɗigo ɗaya. Yaya, yanzu ka yarda?"

Babba ya yi niyyar yin shiru, har ga Allah ya yi niyya. Amma ya ga yadda Inna ke kallon Auta. Ya matsa, ya sa hannu ya danna maɓalli, lambar ta sauya zuwa ta tun ranar saye, wadda makon nan ya ɗan rage mata kaɗan.

"Waccan tawa ce. Wannan taka ce, bakwai da ɗigo bakwai, kuma da na karɓe ta takwas ce da ɗigo uku. Mota ɗaya."

Sannan ya juye musu duk abin da matar mai gilashi ta gaya masa, bai rage ko ɗaya ba, da ɗakin gwaji, da gwaji biyu, da ƙaramin rubutun bayan takarda, da ƙarti uku. Ya buɗe but ya ɗaga ledar da ya ciro wayar daga ciki, ya ce wata biyu tana nan kwance. Matar Auta ta ce dama ta yi ta mamakin yadda motar da ba ta shan mai ta san duk ma'aikatan gidan mai da suna. Aka kwashe da dariya. Auta ya yi dariyar shi ma, amma kunnuwansa sun yi zafi, yana ta juya makulli a hannu. Ya ce a hankali, "Ai da ka gaya mini tun ranar da ka gani, Yaya."

Wannan maganar ta fi dariyar zama a ran Babba.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta ce ita ba ta gane lita ba, ba ta gane ɗigo ba. Abin da ta gane shi ne ɗaya yana da mota ba shi da wurin ba ta wuta, ɗaya yana da wuta da ƙafa. Ta yanke hukunci a tsaye, tana dogare da sanda. Duk Litinin da yamma Auta ya kai motar gidan yayansa ta sha wuta, ya ɗauki tsohuwar ya je aiki da ita. Talata Babba ya kai ta asibiti.

"Kuma kai Babba," ta ce, "ka girmi a ce ka tara wa ƙanenka mutane."

Ya sunkuyar da kai ya ce to, Inna. Mutum mai shekara sittin da uku.

Haka aka yi, haka ake yi har yanzu. Talata ta dawo hannunsa, hirar hanya ta dawo, mafarkai da ƙorafin jikoki duk shi ake ba. Injin bai taɓa tashi a hanyar asibiti ba. Auta kuma ya nemo wurin caji kusa da ofishinsa, lambarsa ta fara sauka, yakan turo wa yayansa hotonta a waya, Babba ya duba ya ce da saura.

Sai dai kishin bai tafi ba, wuri ya sauya. A asibiti duk wanda ya yaba motar, Inna kan ce ta autanta ce, shi ya saya saboda ita, Babba yana tsaye riƙe da sanda da jakar magani. Wani sabon mai gadi har ya taɓa nuna masa inda direbobi ke jira. Bai gyara masa ba, ya je ya zauna, ya tarar ma hirar wurin ta fi daɗi.

Abin da bai iya sabawa da shi ba shi ne Litinin da yamma. Auta ya ajiye baƙar, ya karɓi makullin tsohuwar, ya shiga yana waya. Babba yakan bi shi har bakin ƙofa yana cewa a hankali da kuloci, kada ka ja giya ta biyu da yawa, ba ta son haka. Auta ya ce ya ji, Yaya. Sannan ya fizge ta. Babba ya tsaya a titi, kansa a karkace, yana sauraron kukan injin har ta sha kwana, yana jin kowace giya a haƙoransa. Matarsa ta ce ya shigo, motar ba amarya ba ce. Ya ce yana zuwa, bari ya ji ko zai saka ta uku.